Ni Da Moton Surukina

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na ɗora wa kaina gyaran moton surukina ba, wato babur ɗinsa. Sana'ata zubin tukwanen alminiyon ce a zauren gidanmu, nan Gazawa. Ka kawo mini tsohuwar tukunya, in danna ta cikin rairayi mai laima, in narka gwangwanaye, in zubo maka ƙanwarta sak. Surukina Baba Sanda kuwa bai taɓa ɗaukar wannan a bakin sana'a ba. Ko gaisuwa na je, sai ya ce, "Ina masu tukwane?" (Da dariya yake faɗa, amma wallahi tana yi mini ciwo.)

Sai motonsa ta yi karo da amalanke. Ƙarfen nan da ke riƙe sandunan nan biyu na tayar gaba ya haɗa su da kan moto ya tsage. An nema har Maraɗi, babu irinsa. Na ce to, Allah ya kawo ranar da za a san ni.

Matata ta ce, "Maigida, moto hwa ba tukunya ba ce." Na ce ta bar mu, maza ke magana.

Na kwance ƙarfen, na liƙe tsagar, na danna shi a rairayi kamar yadda na saba. Zubin farko ya fito da ramuka kamar tsohuwar rariya. Na sake. Wani ya fashe, tartsatsi ya ƙone mini wando, ban daddara ba. Na yi ta zuga wuta har na samu wanda ya fito sumul. Na bi shi da magagari, na goge shi yana ƙyalli, na ɗaura.

Da mai hankali ne, da ya gwada a bayan gari. Ni kuwa bayan sallar Juma'a na turo moto har ƙofar gidan Baba Sanda, majalisa cike da dattawa. Na ajiye tsohon ƙarfen a gabansu, na durƙusa na ce, "Baba, a hau in zagaya da ku."

Ya tattara babbar riga ya hau. Muna tashi na ji moto tana jan hagu. Na murɗa dama, ta ce ba ta san zancen ba. A hagun kuwa kududdufin da ake yin tubali ne, cike da ruwan sama.

"Kai! Ina za mu?"

Ban samu amsawa ba. Tsundum!

Da aka fito da mu, hular Baba tana yawo a ruwa, wani dattijo ya ɗauko tsohon ƙarfen ya kara da nawa. Ashe karon ba tsaga shi kawai ya yi ba, har lanƙwasa shi ya yi. Ni kuma na kwafo lanƙwasar kaf, ban rage komai ba.

Baba ya share laka daga gemu, ya dube ni ya ce, "Hannunka na da kyau, ɗana. Har hatsarin ka zubo mini sabo."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ranar ce ya fara ce mini ɗana, don haka na koma zaure na sassaƙa madaidaicin samfuri da itace, na danna shi a rairayi, na sake zubi. Moto ta miƙe, sai dai Baba ya ce ya gode, shi zai tuƙa abarsa. Tun ranar, kafin in kwaikwayi abu, sai na tambayi wuyar da ya sha.