Ranar da Jirgina Ya Yi Hayaƙi a Lyon

Ba zan taɓa mantawa da wata Lahadi a Lyon ba, ko da na so in manta Isufu ba zai bar ni ba.

Ni dai mutumin Damagaram ne, na girma ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a littafin lakwal, wato makaranta. Wataƙila shi ya sa da na zauna a Paris na kamu da son tsofaffin jiragen wasa, irin na ƙarfe da aka ƙera bayan yaƙin duniya na biyu. Kowane ƙarshen mako ina yawon kasuwar tsofaffin kaya, in dawo unguwarmu Belleville in shimfiɗa dogo a tsakiyar falo (matata Hadiza ta daɗe da koyon tsallake shi da tiren abinci a hannu).

Ni na koya wa Isufu, ɗan baffana da ke unguwar Minguettes a gefen Lyon. Ni na nuna masa yadda ake goge tsatsa da sa wa ƙafafu mai. Sai ga shi wata rana ya aiko mini bidiyo: ya samo wani baƙin kan jirgi mai fitila, ana ɗiga masa mai a bututu ya riƙa fitar da hayaƙi kamar na gaske. Na rubuta masa "Masha Allah," amma a raina kamar an zuba mini barkono. Na yi ta maimaita bidiyon ina neman aibu, ban samu ba.

Da ƙungiyarsu ta masu tara jirage ta shirya baje koli, ya kira ni. "Yaya, ka zo da naka kore ɗin nan, mu gwada wa tsofaffin nan." Nawa kore kuwa yana gudu lafiya lau, sai dai bututunsa na ado ne kawai. Ina haɗa kaya idona ya faɗa kan turaren tsinken Hadiza. Na karya guntu na jefa aljihu.

Muka tafi Lyon ni da Hadiza. A zauren baje kolin, dattawan Faransawa sun yi dafifi a kan jirgin Isufu, suna "Oh là là," suna ɗaukar hoto. Nawa yana ta zagaye shi kaɗai, ba mai ko kallonsa. Sai na sunkuya kamar mai gyaran dogo, na ƙyasta ashana na kunna guntun, na cusa a bututu, na saki jirgin.

Wallahi ya yi kyau! Hayaƙi ya miƙe, kawuna suka juyo. Wani dattijo ya tambaye ni wace irin na'ura ce a ciki, na ce masa da Faransanci ai samfuri ne mai wuyar samu (har da gyara hula). Yana cikin gyaɗa kai sai ya fara shinshina. Na kusa da shi ma ya shinshina. Zaure duk ya ɗauki ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Daga can baya na ji muryar Hadiza, da Hausa, da ƙarfi: "Malam, wannan ba turarena ba ne?"

Kafin in buɗe baki, jirgin ya shige ramin dutsen da aka yi da kwali da auduga, guntun ya maƙale a ciki. Audugar ta fara ci, ƙararrawar gobara ta ɗauka. Aka fito da mu duka waje cikin yayyafi, kowane tsoho rungume da jirginsa. Shugaban ƙungiyar ya fito riƙe da ƙonannen tsinken tsakanin yatsu biyu, yana tambayar na wa ne. Isufu ya yi dariya har ya zauna a bakin titi. Da ya samu numfashi ya ce, "Haba Yaya, da ka tambaya ai da na ba ka nawa ka tuƙa."

Haka muka hau jirgin komawa Paris, kafaɗun Hadiza suna ta rawa don dariya. Abin da na koya shi ne, in ɗan'uwanka ya samu abin da ba ka da shi, ka ce masha Allah ɗin da gaske. In kuwa zuciya ta ƙi, to aƙalla ka bar ashana a gida.