Ranar Da Na Yi Sata A Gaban Alƙali

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta matata ba za ta bari ba, da yammacin da na fara buga wasan kwamfuta a gidan surukaina. Lokacin nan ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a Jigawa ba, duk majalisar da ka zauna a Dutse hirar ke nan: wa aka yi wa bulala, me za a yi wa ɓarawo.

Ni kuma na dawo daga Kano da takardar shaidar koyon kwamfuta. Abin da na iya tsakani da Allah shi ne buga wasiƙa da kashe na'urar ba tare da ta lalace ba. Amma a unguwarmu Limawa Injiniya ake ce mini (ban taɓa gyara wa kowa ba).

Ina neman Binta a unguwar Takur. Mahaifinta tsohon alƙali ne, mutum mai ƙarancin magana. Na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa, don kullum a durƙushe nake gaishe shi. Wata Asabar bayan la'asar yayanta, Yaya Sani, wanda ya dawo daga karatu a waje da kwamfuta, ya leƙo zaure ya ce, "Injiniya, Binta ta ce kai gwani ne. Shigo ka gwada wani abu."

Wasa ne na wata duniyar ƙirƙira, mai mayaƙa da matsafa da dodanni. Kai baƙo ne da aka sauke a ƙofar wani gari. Ba ka ganin kanka, sai hannunka da takobi, kamar da idonka kake kallon komai. Yaya Sani ya ce bari ya nuna mini maɓallan. Na ce, "Bar shi, Yaya, ai duk tafiyarsu ɗaya." Ya ɗaga kafaɗa, ya fita ya ƙara wa janareta mai. Binta ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo.

Da aka nemi sunan jarumi, na rubuta nawa, har da na mahaifina.

Tafiya ce ta fara gagara ta. Na taɓa maus sai ga sama, na ja shi sai ga ƙasa. Na danna wani maɓalli, mutumin nawa ya je ya kafa goshi a katanga yana ta tafiya a wuri ɗaya. Ni kuwa ina karkata jikina a kan kujera kamar mai tuƙa babur a yashi. Can wani allo ya buɗe cike da hotunan kaya. Don in rufe shi, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa har suka ɓace. Da allon ya tafi sai na ji mutumin ya ƙara sauri, na ce wa Binta, "Kin gani, na saita shi."

Na shiga gari. Duk wanda na wuce sai ya juyo ya ce wani abu da Turancin da ban kama ko kalma ɗaya ba. Binta ta ce, "Me suke cewa?" Na ce, "Maraba suke mini."

Na faɗa wani shago da niyyar gaishe da mai shagon. Hannuna ya goce, na danna wata butar azurfa da ke kan kanta. Butar ta ɓace. Mutumin ya kurma ihu, sipikun Yaya Sani kuwa a ƙure suke.

Daidai nan aka yi sallama. Baba ne, mahaifin Binta, ya shigo ɗaukar rediyonsa. Na zamo daga kujera na durƙusa. Ya amsa gaisuwa, ya ce, "Koma ka zauna, ci gaba." Ya gyara tabarau ya dubi allon. Yaya Sani ya dawo yana goge hannu.

"Sani, wannan me yake wa ihu?"

"Baba, cewa yake ɓarawo."

"Wane ne ɓarawon?"

Yaya Sani ya nuna ni da leɓe.

Baba ya ajiye rediyon. (Har yau na yi imani tsohon aikinsa ne ya motsa.) Ya ce, "A hanya ya tsinta, ko a cikin shago?"

"A cikin shago, Baba."

"A ma'ajiyarta ke nan. Akwai shaidu?"

"Ga mai shago, ga kuma dogarin gari ya shigo."

Na lalubi maɓallin da zai mayar da butar, sai takobina ya tashi ya sauka a kafaɗar dogarin. Baba ya ce, "To. Ga kuma dukan hukuma."

Dogarin ya rama. Yaya Sani ya sunkuyo ya ce bari ya ga me ya sa na mutu rabi da sara ɗaya. Ya danna wani maɓalli, hoton ya ja baya, a karon farko na ga jarumin nawa daga waje. Ƙato ne, babu riga, babu wando, babu takalmi, daga shi sai ɗan bante da takobi. Ga cikakken sunana a rubuce a gefe. Kayan nan da na yi ta dannawa, ashe tuɓe su nake ina zubarwa.

Na ji ƙarar silifas ɗin Binta ta yi cikin gida a guje. Dariyar da ta riƙe ta fashe a tsakar gida.

Baba ya ce, "Tun yaushe yake yawo haka?"

"Da alama tun daga ƙofar gari. Shi ya sa mutanen suke ta ce masa ya je ya sa kaya."

Baba ya jinjina kai. Ya ɗauki rediyonsa, ya dube ni, fuskar nan ba alamar wasa, ya ce, "Kada ka damu, ɗana. Wanda ya shigo kasuwa a haka, ba a yanke masa hukunci. An ɗauke masa alƙalami." Ya sa kai ya fita.

Ban san yadda na isa Limawa ba. Na daina bin layinsu, ko kasuwa za ni sai in yi zagaye. Na riga na sallama Binta a raina. Sai ga Yaya Sani har gida a kan babur, ya ce Baba yana tambaya ko mara lafiyar nan ya samu sauƙi, in ya samu a turo manya.

An ɗaura aure, wasan kuma daga baya na zauna an koya mini shi tun daga tafiya. Amma abin da na fi ƙaruwa da shi ba a cikin kwamfuta yake ba. Yanzu in na shiga taro na ga an zuba mini ido, ba na saurin ɗaga hannu in amsa gaisuwa. Sai na fara sunkuyawa na dubi wandona.