Yadda Za Ka Gyara Siton Laburare Ba Tare da An Ƙwace Maka Shi Ba

Kai mai kula da laburaren makaranta, matso kusa. Ranar da shugabar makaranta ta leƙa ɗan siton nan na bayan kantoci ta ce a kwashe tarkace, kada cikinka ya ɗuri ruwa. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za a yaba ƙoƙarinka, ɗakin kuma ya ci gaba da zama naka. Wurin Malam Bamalli na kwashe su, mai laburaren wata sakandare a unguwar Kwamba da ke Suleja, wanda ya bi su sau da ƙafa har zuwa na huɗu.

Mataki na 1: San abin da kake karewa

Ɗaki kake karewa, tarkacen nan maigadi ne kawai. Tun da gwamnati ta tare a Abuja, Suleja ta cika ta batse, ko a makaranta ba a barin lungu ya zauna haka nan. Malam Bamalli gidan haya yake, maƙwabcinsa kuma mai gyaran rediyo ne. Siton nan ne kaɗai inda yake shimfiɗa tabarma bayan azahar ya ji shiru a kunnensa, kuma yana ƙaunarsa har cikin ransa. Abin da ya hana sauran malamai kwaɗayin ɗakin shi ne babu wanda ya taɓa ganin bangonsa.

Mataki na 2: Amsa da ladabi

Madam Stella, sabuwar shugabar, ta tsaya bakin ƙofa ta toshe hanci. "Malam, wannan sito ne abi bola? Kafin Juma'a ina so in ga ƙasa!"

"An gama, Madam," in ji shi, har da rusunawa.

Kai ma haka za ka ce. Daɗin wannan kalma shi ne ba ta faɗi abin da aka gama ba.

Mataki na 3: Motsa komai, kada ka fitar da komai

Kwashe na dama ka mayar hagu. Gobe ka dawo da shi. Ɗaura hankici a hanci, ka bar ƙofa a buɗe don a gan ka. Idan ka ji takun Madam, hau buga hatimi a littattafai da ƙarfi, ko ka shafa gam a bayan ƙamus, ka daka wa ɗalibai tsawar su yi shiru ko da ba mai magana.

Kowane abu ka tanadar masa hujja. Tafiretar da rabin haruffanta suka zube, ana jiran makaniki. Ƙwallon duniyar da ya lotsa ta gefen Afirka, ai sauran nahiyoyin lafiyarsu ƙalau. Taswirar Nijeriya mai jiha goma sha tara kuwa, yadda ake ta ƙirƙiro jihohin nan, wa ya san ko gobe za a koma baya? Mai hankali ba ya gaggawar zubar da taswira.

Mataki na 4: Fito da babbar garkuwa

Abin da ya fi cin wuri shi ne buhunan tsofaffin takardun jarrabawa. A nan basirar Malam Bamalli take. Da Madam ta ce a kai su bola ko a ba Asibi mai ƙosai ta riƙa naɗi, sai ya zaro guda ya nuna mata samanta. Ɗalibanmu dai ka san su, wanda bai yi karatu ba ya fi kowa ƙawata Bismillah a kan takardar amsa.

"Madam, akwai sunan Allah a jiki. Ba a jefar da shi a shara."

Madam Stella mace ce mai girmama addinin kowa. Ta janye hannunta. "Ah, sori Malam. A bar su, a bar su."

Juma'a ta zo ta wuce, tabarma tana nan inda take. Nan ya kamata ka tsaya.

Mataki na 5: Kama bakinka

Malam Bamalli bai kama nasa ba. Daɗi ya kwashe shi, ya ba da labarin a ɗakin malamai yana dariya har da buga cinya. A kusurwa kuwa akwai Malam Nasiruddeen, malamin addini, wanda ko teburin kansa ba shi da shi. Shi bai yi dariya ba.

"Malam Bamalli, sunan Allah ne ka bari gara da ɓeraye suna bi ta kai? Subhanallahi! Ai ƙonawa ake yi a wuri mai tsabta, a binne tokar. Bar mini wannan, ladan nake so."

To, me za ka ce? Kai ka kawo hujjar, ga wanda ya fi ka saninta. Malam Bamalli ya ce, "Allah ya saka da alheri." Da hannunsa ya taya ɗaukar buhunan.

Mataki na 6: Kada a ga bango

Buhuna na fita, haske ya shigo. Madam Stella ta zo dubawa ta riƙe baki. "Ah ah! Ashe akwai windo a nan? Wannan ai ofis ne!" Ta juya ta dubi Malam Nasiruddeen, toka har a gemunsa. "Malam, kai ka yi wahala, kuma ba ka da wurin zama. Karɓi makulli."

Malam Bamalli ya naɗe tabarmarsa, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

"Da ka bar ta ma," in ji sabon mai ɗakin. "Ɗakin nan akwai shiru."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari ba ɗaki, babu ruwana, ni ban aike shi ɗakin malamai ba. Mai ƙorafi ya je Kwamba ya samu Malam Bamalli. Yana nan kan benci a bakin ƙofar laburare, tabarma a jingine, ya soma tara takardun jarrabawar bana a ƙarƙashin tebur. Sai dai ka yi magana ƙasa-ƙasa, Malam Nasiruddeen yana ciki yana hutawa.