Malafata Ta Rasu a Zangon Dogon Dawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai mai cike da ƙuna, ni Bature ɗan Azumi na Birnin Gwari ina sanar da dangi da fatake da masu cin rani rasuwar malafata. Ta rasu ranar Lahadi bayan azahar, a zangon Dogon Dawa, cikin watan Zulƙida, shekara ta dubu da ɗari biyu da tamanin bayan Hijira. Shekararta tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai dariya ya yi dariyarsa. Ni zabiya ne. Ranar da ke sa mutane gumi, ni dafa ni take yi. Har na sauke Alƙur'ani ban san yadda kasuwar garinmu take da tsakar rana ba. Zauren malam na sani, sai ɗakin Inna. In na fita, kafin in kai rijiya wuyana ya yi bororo, idona ya rufe.

Marigayiya haifaffiyar rugar Modibbo ce, wani dattijon Bafulatani da ke sauka da shanunsa bayan gari. Matarsa ce ke kawo wa Inna nono, a bakinta ya ji labarina. Ya zo sau ɗaya, ya auna kafaɗuna da igiya, ya tafi. Bayan wata biyu ya dawo da malafar. Kaba ninki biyu, saƙa a matse ko allura ba ta ratsawa, baki daje da jar fata, faɗinta ya rufe ni har kafaɗa. Abu ɗaya ya gargaɗi Inna a kai: in bazara ta shigo a riƙa fesa mata ruwa kullum, ko kurɓi ɗaya ne, don kaba ma tana jin ƙishirwa.

Ta kasance mai haƙuri, mai rufin asiri, ba ta da yawan magana. In iska ta taso sai ta ce ƙis-ƙis-ƙis a saitin kunnena. In ruwan farko ya sauka ta ce ɓaɓ-ɓaɓ-ɓaɓ, kamar mai dariya a ɓoye. Iyakar surutunta ke nan. Yaran gari in sun hango mu sukan yi ihu wai ga malafa ta fito yawo da ɗanta. Ba su yi ƙarya ba. Ita ta fito da ni. A ƙarƙashinta na bi makiyaya na koyi dajin nan, ƙorama ƙorama, dutse dutse, har Madugu Mailafiya, mai ayarin goro, ya ɗauke ni jagaba. Rani shida ina gaba, jakuna sittin suna bin sawun mutumin da aka ce ba zai taɓa wuce ƙofar gida ba.

Jinyarta ta fara da bazarar bana. Kowa ya ga wannan bazara. Wani Buzu da ya zo daga Agadas ya ce ko a ƙasarsu bai taɓa jin yashi ya ƙone raƙumi haka ba. Wani Banufe ya ce a wajensu kwaɗi sun bushe cikin laka. Mu a nan tsuntsaye muka ga suna faɗowa daga reshe, baki buɗe. Kogin Mariga ya koma rairayi.

A nan zan faɗi abin da ban faɗa wa Inna ba. Muna dawowa ta cikin daji, saura zango ɗaya mu iso Dogon Dawa, muka tarar da tafkin da na yi wa ayari alkawari ya ƙafe. Kurɓi ɗaya ya rage a gorana, kuma rabon malafar ne. Na cire ta, na riƙe ta a gabana, na kurɓa don in fesa mata. Maƙogwaro ya ci amana. Na haɗiye.

Washegari muryarta ta sauya. Ba ƙis-ƙis ba, ƙas. Ƙas. Kowane taku sai wani sili ya karye. Kafin azahar rana ta fara ɗigo mini a goshi kamar ruwa ta tsohuwar jinka. Da muka isa zango na rataye ta a reshen marke, na kwanta a gindinsa don jiri. Reshen bai da tsawo. Jakin Madugu, wanda ya kwana uku bai ga ciyawa ba, ya zo ya yi mata ziyara. Abin da na ji na ƙarshe daga gare ta shi ne ƙurus, ƙurus. Na farka na tarar da rabi.

Ban riƙe jakin da komai ba. Gawa ya tarar.

An yi ƙoƙari. Madugu ya yafa mini bargo har gida, na iso kamar dafaffen rogo. Inna ta zagaya kasuwa ta kawo malafa uku. Na ɗaga kowace sama, na ƙirga rana ta cikinsu. Buzun nan ya ba ni rawaninsa, Allah ya saka masa, amma rawani ba ya yi wa ido inuwa. Modibbo ya rasu damina biyu da suka wuce. Akwai Bakoji masaƙi a Kusasu, ya ce zai gwada, sai dai kabar bana da an lanƙwasa take karyewa, a jira ruwa ya sauka, sa'an nan a ba shi kwana arba'in. Ayari kuwa ranar Alhamis zai tashi. Madugu ya zo gaisuwa, ya zauna, ya yi ta kallon ƙasa, ya ce in kwantar da hankalina, ya sami wanda zai riƙe mini gaba kafin in warke. Na san wannan magana. Da ita aka sallami jagaban da na gada.

Marigayiya ta bar igiyar haɓa guda, da gora wanda ba na iya kallo, da sanda, da takalmi ƙafa biyu waɗanda ba su san an gama ba. Ta bar Inna, wadda ta sake rataye tabarma a tagar ɗakina kamar da. Ta bar jaki, wanda yanzu ya fi kowa kusanci da ita. Ta bar ni.

Liman ya ce ba a yi wa kaba salla, kuma gaskiyarsa. Don haka za a binne abin da ya saura ranar Alhamis bayan sallar asuba, a gindin tsamiyar bayan gidanmu, inda ake jin ƙararrawar jakuna in ayari ya fita. Zan fesa mata ruwanta tukuna. Masu rakiya su yi sammako, su kuma yi haƙuri da gaggawa, domin dole mai makoki ya koma ciki kafin hantsi.

Zaman ta'aziyya ba a yanka masa kwana uku ko bakwai ba. Duk ranar da mutum ya sami hali ya zo, ko da tsakar rana ne. Ɗaki na biyu hannun hagu, mai tabarma a taga. Zai same ni.