Jatan Lande a Ƙullin Hankici

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka yi ido huɗu da jatan lande ba. Shekara tara ina koyar da Hausa a Funtua, sunan nan na sha rubuta shi a allo, amma ban taɓa ganin halittar ba (a raina wani jan kifi ne mai ƙaya).

Bikin ƙanena ne ya kai mu Agege. Tun a mota Inna ta ja mini kunne: "Ke ce babba, ke ce mai boko. Kada ki bari dangin amarya su raina mu."

Ranar ɗaurin aure kakar amarya, wadda kowa ke kira Iya, ta aiko mini da kwanona daban, sakwara da miyar ganye. A loma ta biyu na ci karo da wani abu a lanƙwashe, ga ƙafafu ga gashin baki, yana kallona. Na tona, ga wasu. Na ce shi ke nan, kyankyasai sun faɗa wa tsohuwa a tukunya. Don in rufa mata asiri (ku ji ƙarfin hali), na tsince su tas na ƙulle a hankici na cusa a jaka.

Da muka shiga yi mata godiya, ɗaki cike da mata, na durƙusa na jawo turaren da muka kawo mata. Hankici ya biyo shi, ya kwance a tsakar ɗaki.

"Ah-ah, Anti, guzuri kika yi?" in ji wata gwaggon amarya.

Maimakon in kama bakina, sai na ce, "Kyankyasai ne, na tsince." Inna ta rufe fuska da mayafi.

Iya ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ɗaya ta shinshina. "'Yata, jatan lande ke nan. Yarbawa su ce ede. A ruwa fari ne, sai ya ji wuta yake ja, uwata ta ce shi ya sa ake ce masa jatau. Landen kuwa ita ma ba ta sani ba. Wannan na teku ne, ƙanshinsa daban. Ƙanana ake dakawa a miya, manya sai baƙon da ake ji da shi. Da ƙafata na je kasuwar Oyingbo na zaɓo miki."

Na saki baki ina kallonta. Wallahi ban taɓa zama gaban malami irinta ba, kunya da mamaki suka haɗe mini.

"An ce ke malama ce. Me kike koyarwa?"

Na sunkuyar da kai. "Lissafi, Iya."

Ta sa aka sake zubo mini, ta tsare ni har na cinye, kuma da daɗi. Tun daga ranar, duk sunan da zan rubuta a allo sai na tambayi kaina ko zan gane mai sunan in ya zo mini a miya.