Mijin Odessa da Soyayyar Kaza

Wani ne a birnin Memphis na Amurka, matarsa Odessa ta gama jami'a tun yana da gashi a ka, amma har yau ba ta fashin taron ƙungiyarsu ta 'yan matan makaranta. Duk Asabar sai ta zura rigar ƙungiya ta fice. Yau tallafin karatun yara, gobe duba marasa lafiya.

Shi kuwa sai tsiya. "Ke da jikoki, kullum 'yar'uwa wance, 'yar'uwa wance! Me suke tsinana miki ne?"

Ta ce, "Ci abincinka, angona."

Ran nan jininsa ya hau, ta kai shi asibiti. Likita Yolanda ta auna, ta zaro ido.

"Yallaɓai, kai da soyayyiyar kaza sai a mafarki."

Kafin ya buɗe baki ya ga likita ta rungume Odessa, sun haɗa yatsu suna shewa, ashe ƙungiyarsu ɗaya. Ya ce a ransa, ku yi ta yi, dokarku iyakarta ƙofar gidana.

Washegari ya sulale gidan abincin bayan layinsu. "Charlene, cinya huɗu, a soya ta ji mai!"

Charlene ta dire masa faranti. Ganye ne, kore shar.

"Kaza na ce!"

"Na ji ka sarai. 'Yar'uwa Odessa ta saka hotonka a zaurenmu na waya."

"Hotona?"

"Har da awon jininka. Bawan Allah, da wannan kake yawo a gari?"

Ya fita yana huci. Ya sayi baƙin gilashi, ya kifa hula, ya tafi wani gidan abinci can ƙarshen gari, inda ake saye daga cikin mota, ba mai ganin fuskarka. Ya matse hanci, ya yi magana a lasifika kamar akuya mai mura.

"A ba ni kaza bokiti guda."

Lasifika ta ce, "Mijin Odessa, saki hancinka kar ka suma. Matso gaba ka karɓi tuffa."

"Ke kuma wace ce?"

"Ɗakinmu ɗaya da ita a makaranta. Ka gaishe min da ita."

Ai sai ya taka mota. Ya haye gada, ya bar jiharsu ɗungurum, ya shiga jihar Arkansas, yana tafe yana waige. Can cikin gonakin auduga ya hango wata 'yar rumfa tana hayaƙi. Ya leƙa ta taga, ya zagaya baya, ya duba har ƙarƙashin tebur. Ba mace ko ɗaya. Wani tsoho ne kaɗai a gaban kasko, kaji na ta rawa a mai.

Saura kaɗan ya yi kuka. "Baba, Allah ya yi maka albarka! Kai dai namiji ne, ko?"

"Haka aka ce."

"Ba ka cikin wata ƙungiya?"

"Ni? Ko firamare da ƙyar."

"To zubo! Da fatar, da komai!"

Tsoho ya dube shi, ya dubi wayarsa, ya sake dubansa. Ya shiga ciki ya fito da dafaffen kabeji faranti biyu. Ya tura masa ɗaya, ya ja kujera ya zauna gaban ɗayan.

"Haba Baba! Har kai?"

"Ci da zafinsa, ɗan'uwa. Taka matar ai mamba ce kawai. Tawa ce shugabar reshen nan. Ni da nake soyawa ma, da takunkumi nake yi, kar in shaƙi ƙanshin."