Ranar da na yi wa mawaƙan coci liƙi

Akwai ranar da ba zan taɓa mantawa da ita ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Ina shekarata ta biyu a jami'a a Guangzhou, ina karatun harkar sufurin jiragen ruwa, irin karatun da in ka gama za ka ƙare a tashar Nansha kana ƙirga kwantena. Tallafin karatu nake ci, kuma tallafin nan yana da sharaɗi: makinka ya faɗi ƙasa da wani mizani, a sallame ka. Ni kuwa lissafi ya riga ya yi mini ƙafar ungulu a zangon baya, saura ƙiris in ga kaina a jirgin Kano da akwati biyu ba takarda. Don haka na shiga neman darasin zaɓi mai sauƙi wanda zai ɗaga ni.

Sai na ga tarihin kiɗan Turai. Ba jarrabawa. Bayani ɗaya a gaban aji, sai ka halarci taron waƙa ɗaya ka rubuta abin da ka ji. Na ce ai wannan sadaka ce. Ni da na tashi a gidan da kakana ba ya cin tuwo sai rediyo na kiɗa? (A gaskiya ko ganga ban iya riƙewa ba, amma wannan bai taɓa hana ni yin sharhi ba.)

Malamarmu sunanta Malama Lin, 'yar siririya, mai magana a hankali kamar tana tsoron tashin jariri. Ita ta ba ni taken bayanina: rawar da coci ya taka a waƙoƙin ibada na Turai, shekaru ɗari huɗu zuwa biyar da suka wuce. Da na ɗan karanta, sai na ga abin ya burge ni. Ashe coci ne ke ɗaukar masu tsara waƙa aiki, ya ciyar da su, ya ba su masauki. Shi ke da makarantun horar da masu rerawa tun suna ƙanana. A can aka goge fasahar rubuta sauti a takarda, har mutum huɗu ko biyar su rera muryoyi daban-daban a lokaci guda ba tare da sun yi karo ba. Manyan coci ma har faɗa suka yi a kai, wasu na cewa adon murya ya yi yawa har ba a jin kalmomin addu'ar, wasu kuma suka ce a bar kowa ya rera da harshensa.

Na rufe littafin a shafi na talatin, na ce na gane. Coci ubangida ne, mawaƙa kuwa barorinsa, daidai da yadda mawaƙanmu ke da wanda yake ɗinka musu riga. Haka na tsaya gaban aji na zuba, har da buga tebur. Malama Lin ta gyaɗa kai ta ce, “Kwatancen yana da kyau. Amma rabin labarin ne. Wa ake yi wa waƙar?” Ni “yana da kyau” kawai na ji, sauran ya bi iska.

Taron da za mu halarta a wani tsohon coci na dutse za a yi shi, ranar Asabar da la'asar, kuma ita Malamar ce ke jagorantar mawaƙan. A cikinsu akwai abokina Bitrus, ɗan Zariya, Kirista, wanda ɗakinsa ke kallon nawa a gidan kwanan ɗalibai. Muryarsa kamar ana jan turmi a kan siminti, amma fa mai daɗi. Shi kaɗai ne baƙar fata a ƙungiyar, kuma ina alfahari da shi ƙwarai.

Nan tunanina ya ɗauko ni. Na ce to, a da coci ke riƙe da mawaƙa. Yanzu ɗalibai ne, ba mai ba su ko sisi. Ashe ke nan nauyi ya dawo kan masu sauraro. A gidanmu kuwa ba a jin waƙa mai daɗi a zauna kamar gunki. Zan nuna wa Malama cewa ban tsaya a karatu ba, na fahimci abin har cikin jinina.

Matsalar ita ce a garin nan ba mai riƙe kuɗin takarda, ko ruwan sha da waya ake saya. Sai da na taka har unguwar Dengfeng wurin wani ɗan canji ɗan Damagaram.

“Lawban, sababbin takardu nake so, masu ƙara,” na ce masa, don haka ake kiran mai shago a can.

“Meyo,” ya ce, wato babu. Da ya ga na tsaya, ya dube ni. “Biki ne?”

“Kusan haka.”

Ya tono mini 'yan ƙwarorin sababbin takardu daga ƙasan durowa, ya ce Allah ya sanya alheri.

Ranar taro na saka farar shadda, na karya hula. Bitrus ya tare ni a ƙofa, ya kalle ni sama da ƙasa.

“Malam, ɗaurin aure za ka? To ji nan. Kada ka tafa sai ka ga ta sauke hannuwanta. Ka ji ni? Sai ta sauke.”

“Haba Bitrus, ni fa na yi bayani a kan abin nan a aji.”

“Shi ne abin da ke ba ni tsoro,” in ji shi.

Aka miƙo mini takardar shirin taro da rubutun Sinanci, na naɗe ta na yi fifita da ita. Na wuce kai tsaye layin farko, kusa da wasu sanduna masu makirfo, gefen wata tsohuwa mai baƙaƙen kaya wadda ta ƙanƙame jakarta a cinya.

Suka fara. Ba kiɗa, ba ganga, muryoyi zalla. Murya ɗaya ta tashi, wata ta bi ta, wata ta shigo ta ƙasa, sai ga su sun cika ginin har rufi. Gaskiya tsikar jikina ta tashi. Waƙa ta yi ta hawa, ta yi ta hawa, Bitrus na zufa, sannan gaba ɗaya suka ɗauke ɗif.

Ban kalli hannun Malama ba. Na miƙe.

“Kai! Allah ya ƙara basira! Bitrus, ka biya ni!”

Taku uku ya kai ni gabansa. Na zaro sabuwar takarda na manna masa a goshi, kuma saboda zufa ta zauna daram. Na zaro ta biyu, na juya don in karrama Malama, sai na ga hannuwanta biyu suna sama, idonta a kaina. Mawaƙan duk sun ja numfashi suna jiran ta. Ashe waƙar ba ta ƙare ba.

Ta sauke hannu don su ci gaba, don ba ta da zaɓi. Rabinsu suka shiga, rabi suna kallon goshin Bitrus. Wata yarinya a layin gaba ta toshe baki, dariya ta ƙwace mata ta hanci, ta kusa da ita ta kama, waƙa ta watse. Ni kuma ina tsaye a tsakiyar coci da kuɗi a hannu, mutum sama da cikin motar haya goma sun zuba mini ido. Takun komawata kujera shi ne tafiya mafi nisa da na taɓa yi a ƙasar Sin.

A waje Bitrus ya ja ni gefe, har lokacin goshinsa da shaida.

“Ka san waƙar me ce? Ta jana'iza ce. Don binne mamaci aka tsara ta. Malamin da ya koyar da Malama ne ya rasu, yau ake tunawa da shi. Tsohuwar da ka zauna kusa da ita matarsa ce, ita za a ba faifan da ake naɗa. Duk yana cikin takardar da ka yi fifita da ita.”

Na zauna a bakin matakala. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba don maki ba a wannan lokacin, don tsohuwar nan. Tunanin maki sai da dare ya iso, kuma da ya iso ya hana ni cin abinci kwana biyu. Har na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifina cewa an koro ni saboda liƙi.

Ranar Litinin na je ofishin Malama Lin, na ba da haƙuri da duk Sinancin da na mallaka. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta kunna faifan, ta kai daidai wurin. Na ji muryata ta fashe, sannan na ji ta tana yawo a cikin ginin, tana dawowa daga bango zuwa bango kafin ta mutu.

“Ka ji yadda ginin ya riƙe muryarka?” ta ce. “Wanda ya tsara waƙar a irin wannan ginin yake aiki kullum, coci ne wurin aikinsa. Ya san bango zai ci gaba da rerawa bayan mutane sun tsaya, shi ya sa ya rubuta shirun a takarda, da tsawonsa. Kuma ba ni ake yi wa waƙar ba, ba kai ba. Addu'a ce a wurinsu.”

Ta ce za a sake naɗa ranar Asabar mai zuwa, ba 'yan kallo, sai matar mamacin. Aikina shi ne in tsaya a bakin ƙofa in hana kowa shiga ko yin surutu. In na yi, sannan na rubuta rahotona a kan wannan shirun, za ta duba.

Na tsaya. Na kori masu ɗaukar hoto, na roƙi wani mai kai saƙo ya kashe babur ɗinsa. Da mawaƙan suka iso wurin shirun nan, suka ɗauke, na ji sautin yana sauka a hankali daga rufi kamar ƙura bayan shara. Ta tsagar ƙofa na hango tsohuwar ta sunkuyar da kai, kafaɗunta na rawa. Ban san lokacin da nawa idon ya cika ba.

Malama ta ba ni maki mafi ƙanƙanta da ake iya wucewa da shi, kuma da shi tallafina ya tsira. A ranar naɗin, da matar mamacin ta zo fita, na rusuna na ba ta haƙuri. Ta dafa hannuna ta faɗi wata magana, Bitrus ya fassara mini: wai mijinta ya koyar shekara da shekaru, bai taɓa samun wanda ya ji daɗin waƙar nan kamar ni ba, sai dai in riƙa jin daɗin a zaune.

Tun daga ranar, in na shiga wuri na tarar mutane sun yi shiru, na daina ɗauka cewa ni suke jira in yi magana.